Gida Mai Taya da Gudun Guguwa: Ni Dai Ina da Ja

A nan jihar Florida ta Amurka, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, kuma kowa da dabarar da yake taƙama da ita. Masu hali da yawa, musamman 'yan fansho, sun dogara da ƙatuwar motar nan mai gado da kicin da banɗaki, wadda suke ce wa RV. Da an ce a tashi, sai maigida ya kwashi iyali har da kare, ya kama hanya. A ido abin gwanin sha'awa. Ba ruwansa da neman otal a ranar da ɗakuna suka ƙare har cikin jihar Jojiya, ba kwana a zauren makaranta cikin baƙi. Janareta na jiki, tanki cike da ruwa, allurar ciwon sukarin tsohuwa na cikin firiji. Filin tseren motoci na Atlanta ma kan buɗe musu wurin sauka kyauta.

Duk da haka ko an ba ni kuɗin ba zan saya don wannan dalili ba.

Motar doguwa ce mai faffaɗan gefe, iska na samun wurin kamawa. Gadar Sunshine Skyway da ke bakin Tampa rufe ta ake yi da zarar iska ta kai mil 40 a awa, alhali guguwar da ake gudu tana ninka haka sau biyu ko uku. Shi ya sa hukuma ke sa mazauna irin waɗannan motoci cikin sahun farko na masu tashi, ko da unguwarsu tana kan tudu. Ga shan mai kamar ba gobe: manyan cikinsu galan ɗaya ba ya kai su mil 10. Lokacin guguwar Milton, a Oktoban 2024, na ga maƙwabcina ya ɓata rabin yini yana naɗe rumfa, yana zubar da tankin bayan gida, yana cika tukunyar gas. Kafin ya hau titin I-75 hanya ta cushe, gidajen mai kuma an ɗaure wa bakin famfunansu leda, alamar babu. Ƙaramar mota ta iya kutsawa lungu ta nemo wani gidan man. Shi ko juyawa sai ya sami fili.

Mutanen birnin Houston na jihar Texas sun san wannan tun 2005. Da guguwar Rita ta doso, 'yan makonni bayan guguwar Katrina, miliyoyi suka fito lokaci guda, tafiyar awa huɗu zuwa Dallas ta koma ta kusan kwana guda cikin zafi, mutum fiye da 100 suka rasu a gudun kansa. Sannan mai gida a kan taya yana da saurin ganin nisa shi ne tsira. Guguwar Helene ta shigo ta gaɓar Florida a Satumban 2024, amma ta fi kashe mutane a North Carolina, inda ruwa ya mamaye yankin Asheville cikin duwatsu, nesa da teku. Jami'an nan kullum cewa suke yi a gudu daga ruwa, a ɓuya daga iska, kuma matsawar mil goma ko ashirin sau da yawa ta wadatar.

A Satumban 2024 ɗin dai, ranar 10 ga wata, madatsar Alau ta ɓalle ta shiga Maiduguri cikin dare. Hotunan da na gani, mutane ne da katifa a ka, da yara a wuya. Wasu sun nufi sansanin Bakassi, wasu da yawa kuma suka sauka gidan gwaggo ko suruki ko tsohon maƙwabci, ba wanda ya tambaye su ranar tafiya. Abin da Ba'amurke ke saye da dubban daloli ke nan: wurin da zai sauka ba tare da ya nemi izini ba. Mu muna da shi a ɗakin zaure da tabarma, kuma ba ya shan mai.

Inda Amurkawa suka tsere mana wani wurin ne daban. Cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami tana fitar da taswirar inda ake zaton za ta bi tun saura kwana biyar. Kowane gida a bakin teku yana da harafinsa, A ko B ko C, in an kira naka a waya ka san kai ake nufi, ka kuma san makarantar da aka buɗe maka. A gida Najeriya, hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar sa ido kan ruwan koguna NIHSA suna fitar da hasashe duk shekara, su jero jihohi da ƙananan hukumomi, a karanta a labaran dare, shi ke nan. Na yarda, guguwa ana hango ta daga tauraron ɗan'adam, madatsa kuwa ba ta sanar da sa'arta. Amma ruwan Alau ya yi kwanaki yana hauhawa, kuma mutumin unguwar Gwange a Maiduguri ya cancanci a ce masa: unguwarka ce ta farko, ga inda za ka je. Mai unguwa da lasifikar masallaci sun isa wannan aiki, in an ba su taswira.

Nawa shirin bai wuce tankin ƙaramar motata a cike ba daga Agusta, da takardu cikin leda, da wani ɗan uwa Bazazzage a Gainesville da ya ce ɗakin yaransa namu ne duk ranar da aka kira harafin B.