Albashin Gyaɗa

Babban ɗana ne ya jawo mini. Ya gama WAEC da NECO, yana zaman jiran gurbin jami'a, ba aikin fari bare na baƙi sai latsa waya. Ran nan da safe ya zo ya durƙusa ya yi mini wata doguwar gaisuwa, har da tambayar yaya ƙafa, alhali ban taɓa ce wa kowa ƙafata na ciwo ba. Duk uban da ya kwana biyu a harkar ya san gaisuwa mai jela. Data ce ta ƙare, wadda na saya masa shekaranjiya.

Na ce, "Kai, ka kuwa san nawa ne albashin ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan?"

Ya ɗaga kai sama ya yi lissafi, ya ce, "Ai ba zai gaza dubu ɗari biyar ba, Baba."

Nan take na sanar cewa ranar Asabar za a buɗe makaranta a tsakar gidan nan, ni ne hedimasta, ni ne malami, darasi kuma kasafin kuɗin wata. Ɗalibai uku na ɗauka: shi gogan, da ƙanwarsa da ke aji biyar a sakandare, da ɗan ƙanwata da ke yaron shago a Kantin Kwari, yana zuwa mana ƙarshen mako. Auta ɗan shekara shida ba ya cikin rajista, amma ya riga kowa zama a kan tabarma.

Na san in na ce alli da allo, barci za su yi mini. Sai na shiga sito neman abin da za su riƙe a hannu, na yi kiciɓis da roba cike da soyayyar gyaɗa, an murje ta tas. Uwargida ta tafi barka, ba wanda zan tambaya, ni ma ban so a samu wanda zan tambaya ba. Na ɗebo. Kowace ƙwaya naira dubu ɗaya, kowane ɗalibi ƙwaya 70, wato naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, bayan an shekara biyar ana lallaɓawa da 30,000. Don kada su raina abin da ke gabansu har tarihi na yi musu. Na ce a garin nan gyaɗa kuɗi ce tun da jirgin ƙasa ya fara kwasar ta daga Kano a 1912, ita ta ɗaga su Alhassan Dantata, ita aka tara buhu kan buhu har ake cewa dalar gyaɗa. Auta ya fi kowa nutsuwa, bakinsa sai motsi yake. Na ɗauka hadda yake yi.

Na jera gwangwanayen madara, na manna wa kowanne suna: haya, abinci, kuɗin mota, wuta da ruwa, waya, ajiya. Na ce kowa ya raba albashinsa yadda zai kai shi wata.

Babban ya gama cikin minti ɗaya. Waya 30. Ya ƙirƙiro gwangwanin ɗinki da aski da turare, ya zuba 20. Fita da abokai 15. Ajiya 5, ita ma don ya ga ina hararar sa ne.

Na ce, "Abinci fa?"

"Ai gida zan riƙa zuwa, Baba."

"Haya fa?"

"Ɗakina na zaure yana nan ai."

"In ka yi aure fa?"

"Sai a fasa bango a haɗa da sito."

Wato yaron nan ya riga ya tsara rayuwarsa ta shekara ashirin masu zuwa, kuma duk a cikin aljihuna ya tsara ta.

Na juya wajen 'yata, da yake ita mai hankali ce. Gwangwanayena ko ɗaya ba ta taɓa ba ban da na ajiya, inda ta sa 20. Sauran ta kasa su gida uku a gefen tabarma: anko, lalle da kitso, da man shafawa. Na tambaye ta ina haya da abinci. Ta gyara zaman hijabi ta ce, "Baba, malaminmu na Islamiyya ya ce ci da sha da sutura da wurin kwana wajibin miji ne. Kuɗin mace nata ne."

Fatawar daidai take, ni na biya kuɗin makarantar da aka koya mata ita. Na ce to a ɗauka ba ki yi aure ba.

"Kafin aure kuma ai wajibin uba ne."

Na ga in ban fito da babban makami ba ajin zai kuɓuce. Sai na juya bayan kalanda na rubuta 50/30/20, dabarar nan ta Amurkawa da ake yawo da ita a intanet: rabin albashi ga abin da ya zama dole, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 ajiya. A albashinmu ke nan 35, da 21, da 14. Na ce mu gwada. Haya a nan ba wata-wata ake biya ba, mai gida shekara yake karɓa a dunƙule, don haka a ce ɗaki ɗaya dubu 120 ne, dole kowane wata ka ware 10 ka manta da su. Adaidaita sahu zuwa aiki da dawowa, a ce dubu ɗaya kullum, kwana 22, ga 22. Na haɗa na ga 32. Na sake haɗawa a hankali, har ina motsa baki, ya sake ba ni 32. Saura gyaɗa uku ta abinci da wuta da ruwa da gas da sabulu, na wata guda cur.

Ɗan ƙanwata, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ce, "Kawu, wannan lissafin na masu karɓar dala ne."

Sai a lokacin na lura da gabansa. Kowa ƙwaya 70 na ba shi, amma tulin da ke gaban yaron nan ya fi na kowa tudu. Ashe ina can ina kokawa da kalanda, shi ya kafa adashe. Kowa ya zuba 10, shi ne uban adashe, kuma bisa al'ada, in ji shi, kwasar farko tasa ce. Bayan haka ya buɗe POS: duk mai son matsar da gyaɗa daga wannan gwangwani zuwa wancan sai ya bar ƙwaya ɗaya ta caji. Babban ɗana, mai jiran jami'a, har ya ci bashin 5 a wajensa. Na rasa zan yi masa faɗa ne ko in ba shi allin.

Na ce a ci gaba. Na fito da 'yan takardun da na nannaɗe tun dare, na ba-zata, kowa ya ɗauki ɗaya kamar ƙuri'a. Ta babban ta ce wayarka ta faɗa masai. Ya jefar da ita yana cewa, "Allah ya kiyaye, Baba, ba kyau mugun fata." Ta 'yata ta ce zazzaɓin cizon sauro, gwaji da allura da magani, 8. Ta yi murmushin wadda ta yi tanadi, ta jawo gwangwanin ajiyarta, ta kifar. Ƙwaya huɗu suka faɗo, da ɗan ɓawo.

Muka juya gaba ɗaya. Kumatun Auta sun cika fam, idonsa na kallon sama kamar mai duban wata.

Malami ba ya rasa abin cewa. Na ce, "To kun gani? Wannan shi ake kira hauhawar farashi. Ka ajiye kuɗi a gwangwani, kana zaune, ana cin su ba ka sani ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, haka kowane gida ke da autansa." Ni kaina bayanin ya burge ni. Ina shirin ɗorawa sai muka ji sallama.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa, tana kallon tabarma.

"Malam, gyaɗar wa nake gani a ƙasa?"

Ashe ta kunun sunan gobe ce, maƙwabta suka ba ta aikin, har sun biya. Kafin in haɗa kalmomi 'yata ta ce, "Umma, Baba ne yake koya mana kasafin kuɗi."

Na zaci faɗa za a yi, kuma da faɗan aka yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta ninke mayafin, ta zauna, ta ce, "Masha Allah. A ƙirgo mini 70 in yi muku na Babanku."

Na ce ai albashina ba 70 ba ne.

"Na sani. Na fi ka sanin ko nawa ne."

Ta fara. Kafin albashi ya iso hannu, an cire bashin ƙungiyar ma'aikata na ragon layya, ragon da tuni aka cinye har ƙashi. Ta ware. Littafin mai shagon bakin layi, shafinmu ya kai biyu. Ta ware. Majalisar mai shayi, inda Babanku ba ya iya ganin mutum ya zauna bai ce a haɗa masa da ƙwai ba. Tsiren daren alat, wanda ake shigowa da shi ana taƙama. Gudummawar biki uku, ɗaya ma har yau bai san sunan angon ba. Rancen abokin da ya ce zai biya ƙarshen wata, bai dai faɗi na wace shekara ba. Kowace ƙwaya sai ta ɗaga ta sama kowa ya gani kafin ta ajiye. Da hannunta ya zama wayam sai ta ce da yaran, "To, yau sha biyu ga wata."

Babban ya ce, "Umma, sauran kwanakin fa?"

"Ku tambayi injin markaɗena da firjin zoɓo. In sun gaza, uwar adashenmu ta san hanyar gidan nan."

Na yi gyaran murya na ce zumunci ba asara ba ne, kuma har gobe ina kan bakana. Mutumin da bai kai gudummawa ba, ranar da tasa ta taso shi da kujerun haya za su zauna. Amurkawan da suka ƙirƙiro 50/30/20 ba a taɓa buga musu ƙofa bayan sallar asuba an ce matar ƙaninsu ta haihu ba. Uwargida ta ce ita ma ba ta ce a daina ba, amma tunda kowane wata sai an yi, me ya hana malam ya yi masa gwangwani? Ɗan ƙanwata ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Kawu, akwai gurbi ɗaya a adashen."

Aka tashi makaranta ba addu'ar rufewa. Gyaɗar kuwa na biya, mudu biyu, a farashin da ta yanka, har da kuɗin motar zuwa kasuwa da ladan suya da na murza.

Ƙarshen wata alat ya shigo ina masallaci, wayar ma a kashe take, amma ko ta yaya labari ya riga ni isa gida. Na tarar da takardu a kan matashina. Ta 'yata gajera ce, layi huɗu, kowanne da hujjarsa a gefe. Ɗan ƙanwata bai wahalar da kansa da takarda ba, lambar asusu ya turo, da tunatarwar in ƙara naira 50 ta cajin da a lokacin ake cire wa mai karɓa daga dubu goma zuwa sama. Ta babban kuwa shafi guda ce, an ja layi da rula, an yi kanu da jan biro. Kuɗin data ya ƙaru da rabi, da bayani a ƙasa cewa hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 tun Janairun 2025. Akwai layin zumunci. Akwai layin ba-zata. Har da layin ajiya, wato in ba shi kuɗin da zai ajiye.

Na fito da takardar a hannu zan je in ji wanda ya ɗaure masa gindi, sai idona ya kai can ƙasan shafin. Rubutun uwargida ne, da sa hannunta da kwanan wata: "An duba. A biya."