Wuƙar mahaucin Bayahude da tamu

Mu mazauna Landan mun saba jin 'yan'uwa suna cewa in babu naman halal a sayi na kosha, wato wanda ya halatta a addinin Yahudawa, wai duk ɗaya ne. Gaskiya aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, amma yankan ba iri ɗaya ba ne, kuma a ganina a wajen kula da wuƙa sun sha gabanmu.

A wurinsu ba kowa ke yanka ba, sai wanda ya yi karatun abin har malamai suka ba shi izini. Wuƙarsa ba ta da tsini, tsawonta kuma ya ninka faɗin wuyan dabbar. Kafin ya yanka sai ya bi kaifin da farce a hankali, bayan ya yanka ya sake bi. In bayan yankan farcen ya ci karo da 'yar giɓi, ko da ido bai gan ta ba, dabbar ta tashi daga kosha. Hujjarsu ita ce giɓi yagar nama yake yi, ba yanka ba. Abu biyar ke ɓata yankan: tsayawa ana cikin yi, danna wuƙa maimakon ja, cusa ta ƙarƙashin fata ko gashi, kauce wa gurbin yanka, da fizge maƙogwaro. Su Hasidawa, wata ɗariƙa ta Yahudawa, irin waɗanda suka cika unguwar Stamford Hill a nan Landan, kakanninsu sun tsananta wasa wuƙa har malaman Yahudawa na garin Brody, da ke Yukren a yau, suka haramta irin wuƙaƙensu a 1772.

Mu a mazhabar Malikiyya sharaɗi shi ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba. Su maƙogwaro da hanyar abinci suke lura da su. Muna bisimilla a kan kowace dabba, su addu'a ɗaya tana isar dabbobi da yawa, kuma nan ne wasu malamanmu ke ja da baya. Hadisi ya ce a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, amma ranar Layya wa ke bin kaifi da farce? Sai a goga a dutse sau biyu a ce Bismillah.

Bayan fiɗa suna duba huhu. In ana shakka a hura shi cikin ruwa, kumfa ta fito, to akwai huda, an ƙi naman. Sannan a jiƙa nama minti 30, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa na awa 1, a ɗauraye sau 3, duk cikin awa 72 da yankawa, don jini ya fita. Hanta kuwa sai an gasa. Saboda haka uwargida, in naman kosha za ki sa a miya, rage gishiri da magi, in ba haka ba miyar ba za ta shawu ba.

A kuma duba kwalba da gwangwani da kyau: akwai giyar inabin da take kosha a wurinsu, tana iya shiga miyar gwangwani ko kayan zaƙi, tambarin kosha na nan a jiki.