Kafin ka ce yaronka daƙiƙi ne, an duba jininsa?

Jama'a wallahi muna saurin liƙa wa yara sunan daƙiƙi. Yaro na gyangyaɗi a aji ƙarfe goma na safe, malam ya tambaye shi karatun jiya ya yi tsuru-tsuru, sai dorina, a gida ma a ce ai shi kansa ba ya ja, amma ba wanda ya taɓa jan fatar idonsa ya ga ta yi fari fat, ko ya dubi tafin hannunsa.

Ƙarancin jini fa ya yi mana katutu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 na fama da shi, kuma su ɗin ne ke shiga firamare. Sinadarin ayon (iron, wato sinadarin ƙarfe da ake samu a abinci) shi ke sa jini ya ɗauki iska ya kai ƙwaƙwalwa, in ya yi ƙasa yaro ya yi ta kasala, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. An gwada a ƙasashe irin su Indonesiya, 'yan makaranta masu ƙarancin jini da aka ba ayon na 'yan watanni makinsu a gwajin fahimta ya ɗaga. Wanda jininsa lafiya lau kuwa bai wani ƙaru da komai ba, don haka ba ƙwayar basira ba ce.

Inda nake jin tsoro kenan, don na san halinmu, gobe wani zai ruga kemis ya ce a ba shi maganin ƙarin jini kwalba uku. Malam dakata! Ba kowane ƙarancin jini ne na ayon ba. Akwai maleriya, akwai tsutsar ciki mai tsotse jini, akwai tsargiya ga masu wanka a kududdufi, ga sikila, wanda shi in ana masa ƙarin jini akai-akai ayon ɗin ma yawa yake masa. A tsibirin Pemba na Tanzaniya sai da aka tsayar da wani gwaji saboda ƙananan yaran da ake ba ayon a yankin maleriya sun fi kwanciya asibiti, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce a irin wurarenmu a haɗa shi da gidan sauro da maganin maleriya.

A je asibiti a auna jini tukuna. In an rubuta wa yaro ƙwayar ayon, a sha yadda aka ce, bayan gida zai yi baƙi ba komai ba ne, a kuma ɓoye ƙwayar daga ƙannensa don in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kisa.

Sai maganar shayi, iyaye mata ku yi haƙuri, shayi da burodi kullum safe ba ya gina jini, ganyen shayin ma hana jiki ɗaukar ayon yake. Ko hanta ta yi tsada ai akwai wake da zogale da alayyahu, a matsa lemon tsami a kai.