Ɗaki ɗaya, ɗalibai biyu: ku daina ɗora wa netwok laifi

Don Allah masu cewa netwok ne ya jawo abin da ya faru a gidan hayar ɗaliban nan na Samaru, ya isa haka. Netwok bai ba mutum biyu ɗaki ɗaya ba. Wanda ya rubuta manhajar kama ɗakin shi ya ba su.

Da idona na karanta abin da ya rubuta. A sama yana tambayar rumbun bayanai ko an kama ɗakin, a ce masa a'a. Sai can ƙasa, bayan an cire kuɗi, yake rubuta cewa an kama. A wannan ɗan tsakanin yarinya ta biyu ta danna, ita ma aka ce mata ɗaki babu kowa. Ga su nan da akwatuna a ƙofa ɗaya, kowacce da rasit a waya, ɗayar ma daga Funtuwa ta taso. Abin ya ƙona min rai.

Dubawa da rubutawa umarni ɗaya ya kamata su zama, ba a raba su. A SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, UPDATE (umarnin canza bayani) guda, a cikin WHERE (wurin sa sharaɗi) ka sa lambar ɗakin da sharaɗin an_kama = false, wato ba a kama ba tukuna, sannan ka duba layi nawa ya canza a rumbun. In 1 ne, ɗaki naka ne, je ka karɓi kuɗi. In 0 ne, an riga ka. Rumbun da kansa zai kulle layin, na biyu ya jira, ya tarar sharaɗin ya rushe.

Wani ya ce ai an sa BEGIN da COMMIT, masu haɗa umarni da yawa su zama aiki ɗaya. A rumbun bayanai na PostgreSQL, matakin da yake zuwa da shi Read Committed ne, wato kowa na ganin abin da aka riga aka kammala rubutawa kawai, don haka duka masu dannawar biyu za su karanta false hankali kwance. Wani kuma wai masu amfani ba su da yawa. Malam, mutum biyu sun isa. Mutum ɗaya ma ya isa, in ya danna sau biyu don shafi ya ƙi buɗewa. Umarni ɗaya, na sake faɗa!

Ku kuma masu barin gurbin eh ko a'a irin an_kama babu NOT NULL, ƙa'idar da ke hana barin gurbi fanko, da ku nake. A SQL, NULL, wato gurbin da ba a cike ba, ba false ba ne. Ɗakin da aka shigar ba a cike gurbin ba, sharaɗin nan ba zai taɓa kamo shi ba, zai zauna a kulle har zangon karatu ya ƙare, ɗalibai kuwa suna yawon neman wurin kwana har Palladan.