An ɗauko launi, an bar maganar a baya

Akwai wani salon zane da ya cika shagunan intanet na Turawa: kati ko fosta mai launin shunayya da fari da kore, a tsakiya hoton mace ta zamanin da sanye da babbar hula, sai haruffa a karkace kamar an yanko su daga jarida an manna. Wai an haɗa gwagwarmayar matan Ingila ta neman 'yancin ƙuri'a da salon 'yan punk, wato matasan mawaƙa masu bijire wa tsarin al'umma na shekarun 1970. Kyau kam suna da shi. Amma yawancinsu in ka tambaye ni me suke cewa, ba ni da amsa, kuma abin da ke damuna da su ke nan.

Matan nan ba ado suka fito yi ba. Ƙungiyar da Emmeline Pankhurst ta kafa a Manchester a 1903 ta zaɓi launukan nan uku a 1908 don duk inda aka hango su a san su waye. A 1909 wasu masu zane, ciki har da Laurence Housman da 'yar'uwarsa Clemence, suka buɗe wajen aiki mai suna Suffrage Atelier, inda ake koya wa mata sassaƙa zane a jikin katako, su shafa tawada, su buga da hannu. Arha suke nema da sauri. A lokacin rabin kwabo ake biya a aika kati ta gidan waya, kuma abokan adawa sun riga sun cika kasuwa da nasu katunan: ga miji na wanki da goyon jariri, matar ta tafi taron siyasa.

Ku dubi amsar da suka mayar. Fosta ɗaya, layi biyu. Layin sama hotuna biyar na abin da mace za ta iya zama amma ba ta da ƙuri'a: magajiyar gari, ma'aikaciyar jinya, uwa, likita ko malama, ma'aikaciyar masana'anta. Layin ƙasa hotuna biyar na abin da namiji zai iya kasancewa ya taɓa zama amma ƙuri'arsa na nan daram: fursuna, mai taɓin hankali, mai fataucin mata, wanda bai cancanci aikin soja ba, mashayi. Shi ke nan. Ko ba ka iya karatu ba, kafin ka wuce bangon an gama yi maka bayani. (Eh, sanya marasa lafiya a layi ɗaya da masu laifi ba abin yabo ba ne, yau ba za a yarda da shi ba.) Haka da gwamnati ta yi dokar 1913 ta sakin matan da ke yajin cin abinci a kurkuku su murmure a sake kama su, sai ga fostar wata ƙatuwar kyanwa ta ɗauko mace a baki kamar ɓera.

'Yan punk na 1976 da 1977 a zahiri kishiyarsu ne. Su matan da gangan suke tsaf-tsaf da fararen kaya don kada a ce musu 'yan tasha, su kuwa yaran nan munin suke nema ido rufe. Amma hannu iri ɗaya ne, sai dai kayan aikin yaran su ne almakashi, gam, injin fotokwafi. Jamie Reid ya ɗauki hoton Sarauniya Elizabeth a shekarar bikin cikarta 25 a kan gado, ya toshe mata ido da baki da yankakkun haruffa don faifan ƙungiyar mawaƙan punk mai suna Sex Pistols. Linder Sterling ta yanko jikin mace daga mujalla ta sa mata dutsen guga a matsayin kai. Kowane ɗayansu ya san wanda yake jifa.

To mai zanen yau da ya sauke haruffa masu kama da yankakku a kwamfuta ya jera su a kan shunayya, wa yake jifa? Babu. Ganga ce ba rawa. Na san za a ce ai shi ma abinci yake nema, kuma su ma matan sayar da katunansu suke yi don tara wa ƙungiya kuɗi. Gaskiya ne, ban ƙi ciniki ba. Amma su maganarsu suke sayarwa.

Mu ma abin ya shafe mu. Matan Ingila sun samu ƙuri'a rabi-rabi a 1918, cikakkiya a 1928. Matan Arewacin Najeriya kuwa sai a 1976, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Amma ku duba bangayen Kano da Zariya lokacin zaɓe: fuskar ɗan takara, babbar riga, tambarin jam'iyya, sai "wanda ya ɗauki nauyi" a ƙasa. Ba mai gardama da kowa.

Matasanmu masu zane, ga aiki in kuna so. Layin sama, mata a layin zaɓe cikin rana da goyo a baya. Layin ƙasa, kujerun majalisar jiha da waɗanda ke zaune a kai. Baƙi da fari ya isa, shagon fotokwafi na unguwa zai buga muku.