Tsinuwar da Kake Yi Ita Ke Tallata Su

'Yan'uwana matasa, akwai abin da muke yi da wayoyinmu muna ganin hani ne ga mummuna, alhali ɓarnar muke yi wa talla.

A da, kafin fim ya shigo gidanku sai ya bi ta hannu da yawa. Furodusa ya zuba kuɗinsa, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta duba, sannan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga faifai. Yau kasuwar faifai ta mutu. Kannywood ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube, yaro kuwa daga ɗakinsa sai ya tara dubban masu kallo da bidiyon minti ɗaya a TikTok.

To, wa ke tacewa yanzu? Kai ne. Manhajar nan ba ta san halal da haram ba. Abin da take ƙirgawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya, ka maimaita ko ba ka maimaita ba, ka yi sharhi, ka tura. Sai ka ci karo da wata tana rawar fitsara, ko wani yana cin mutuncin dattijo, ka kalla har ƙarshe, ka rubuta "Allah ya shirya", ka tura wa zauren WhatsApp na 'yan ajinku kana cewa "ku ga lalacewar zamani". A wurin manhajar duk wannan shaida ce cewa bidiyon ya karɓu, sai ta kai shi gaban wasu dubbai. Mai bidiyon ya san haka sarai, shi ya sa gobe zai ƙara gishiri.

Masu aikin kirki kuma fa? YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da tasha sai ta samu mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin shekara ko kallon gajerun bidiyo sau miliyan 10 cikin kwana 90. Mutum ya biya marubuci, ya yi hayar gida, ya sayi man janareta, mu kuma mu je shagon masu turi a loda mana a waya. Ko sisi ba ya isa hannunsa. Wannan abin yana ci mini rai, wallahi.

Don Allah, in ka ga abin da bai dace ba, kada ka tsaya, kada ka yi sharhi, kada ka tura ko da sunan gargaɗi. Kai ƙorafi ta maɓallin da aka tanada ka wuce. Fim ɗin da ya burge ka kuwa, daure ka sa data ka kalle shi a tashar mai shi.