'Yan rizab a ƙofar NDA: a ba su lamba, a ba su rana, a buɗe musu ajin share fage

Duk shekara idan Kwalejin Horas da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka, takardar kan zo jiha-jiha, kuma sunayen kashi biyu ne. Kashin farko an ba su ranar da za su bayyana a Kaduna da kayansu. Kashi na biyu su ne waɗanda yaranmu ke kira 'yan rizab. Su an ce su zauna a gida, idan gurbi ya samu za a neme su. Wanda ya samu, unguwa ta san abin da za ta ce masa. Wanda sunansa bai fito ba, shi ma an san yadda ake ba shi haƙuri. Ɗan rizab kuwa, kowa sai ya tsaya yana inda-inda, don ba a san ko barka za a yi masa ko jaje ba.

Ya kamata a fara sanin wane ne wannan yaro. Ya zauna jarrabawar JAMB ya sa NDA a zaɓin farko. Yana da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Ya ci jarrabawar tantancewa ta kwalejin, aka kira shi Kaduna gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, inda aka auna tsayinsa, likitoci suka duba shi ciki da waje, aka sa shi gudu, aka bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya, aka zaunar da shi aka yi masa tambayoyi. Duk ya tsallake. Ma'ana, sojoji da kansu sun shaida cewa ana iya yin hafsa da shi. Abin da ya hana shi shiga gurbi ne, saboda ana raba guraben ne tsakanin jihohi, kamar yadda sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole hafsoshi da sauran sojoji su nuna fuskar tarayyar ƙasar nan. Ba ni da ja da wannan rabo. Ƙasar da ta ga abin da ta gani a juyin mulkin soja na 1966 ba ta wasa da batun wa ke riƙe da bindiga. Damuwata ita ce abin da ake yi da wanda rabon ya bari a bakin ƙofa.

Jiran nan yana da tsada. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, kuma wanda ya sa NDA a gaba, sai ya je ya sauya makaranta kafin wata jami'a ta dube shi. Idan ya yi saurin sauyawa, zuciyarsa na raya masa cewa ya saki abin da ya kusa shiga hannu. Idan ya tsaya, jami'o'i na rufe ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma shekaru: wanda ya haura 21 ya fita daga layin kwas na yau da kullum. Yaron da ya gama sakandare a makare, kamar yadda yake faruwa da 'ya'yanmu da yawa da suka fara da makarantar allo ko rikici ya katse musu karatu, wataƙila damarsa ɗaya ce ko biyu. Mai fita sallar asuba a Bauchi Road ko Zaria Road ya san su. Su ne samarin nan masu gudu cikin hazon sanyin Jos, kai a aske ƙwal, takalmi ya sha jiki, waya a hannu ko cikin gudun, kada kira ya shigo ba a ɗauka ba.

Inda aka bar mutum cikin duhu, nan 'yan damfara ke baje kolinsu. Wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran mota ya same ni wata rana bayan isha'i, ɗansa na biye da shi. Ya ce, "Malam, duba mana wannan saƙon." Wani ne ya rubuto musu, yana kiran kansa babban jami'i, ya kawo cikakken sunan yaron da lambar jarrabawarsa daidai, ya ce mutum biyu daga jiharsu sun faɗi gwajin lafiya, kuma idan aka turo "kuɗin kayan sarki" kafin Juma'a za a sa sunansa. Yaron ya ce, "Kawu, ai har lambata ya sani." Na ce masa lambar tana cikin jerin da aka wallafa a intanet, kowa ma ya sani. Uban ya yi shiru can, sannan ya ce, "To idan gaskiya ne fa, muka ƙi?" Wannan tambaya ita ce jarin mai damfara gaba ɗaya. Hukumar kwalejin ta sha fitar da sanarwa cewa ba a sayen gurbi, kuma gaskiya ta faɗa, amma sanarwa ba ta kashe tsammani. Abin da zai kashe kasuwar nan shi ne uba ya san matsayin ɗansa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Saboda haka buƙata ta farko ba ta cin ko sisi. A wallafa makin kowane ɗan rizab da matsayinsa a jiharsa: wane ne na ɗaya, wane ne na biyu. A faɗi ranar da za a rufe kira, wadda bayanta kowa ya kama gabansa. Idan an rufe, a fitar da sunayen waɗanda aka kira da gurbin da kowannensu ya cike. Na san za a ce harkar soja ba a yin ta a kasuwa. To, sirrin soja yana wajen makamai da dabarun yaƙi. Makin yaro ɗan shekara 18 a gudu da Lissafi ba sirrin tsaro ba ne. Ɓoye shi ma cutar da rundunar yake yi, don ko an yi adalci ɗari bisa ɗari, mutumin gari zai ci gaba da cewa sai mai uwa a gindin murhu.

A Amurka, inda samun gurbi a kwalejin West Point yake da wuyar gaske, sun daɗe da tsara wannan jira. Galibin masu nema sai ɗan majalisar tarayya ya gabatar da sunansu, kuma kowane ɗan majalisa mutum biyar kawai zai iya samu a kwalejin a lokaci guda. Wanda ya cika dukkan sharuɗɗa amma wani ya riga shi gurbin mazaɓarsa, ana sa shi a jerin jira na ƙasa baki ɗaya, a jera su bisa maki, kuma doka ce ta tilasta a ɗebi wani adadi daga jerin nan bisa cancanta, ba tare da duba mazaɓa ba. Sai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi jan hankalina. Sojan ƙasa, na ruwa da na sama kowannensu yana da makarantar share fage ta wata goma. Ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke zaɓen wanda aka ga yana da jiki da hali da alamun shugabanci amma karatunsa da saura, ko ƙaramin soja da ya daɗe da barin aji. A tsare shi a kan Lissafi da Turanci da horon soja, gwamnati na ɗauke da shi, badi ya sake neman shiga da ƙarfinsa.

Wani zai ce ai mu ma muna da irin wannan, har ma mun girme su a wasu wurare. Akwai gaskiya a ciki. Makarantar Soja ta Zariya tun 1954 take, an buɗe ta da yara 30 a matsayin kamfanin yara na rundunar, shekara goma kafin a kafa NDA a 1964. Ita ta yaye Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa, kuma mutanen Filato sun fi kowa sanin amfaninta, don Joe Garba da John Shagaya, 'yan Langtang, ta nan suka bi. Mu a Jos muna da Makarantar Sojan Sama da aka buɗe a 1980, ga ta 'yan mata, ga sakandaren Command. Yaron da ya yi shekara shida yana tashi da ƙarar bigila, ya iya fareti, ya san yadda ake tsayawa gaban hafsa a ba da amsa, idan ya je gaban kwamitin zaɓe ba a haɗa shi da wanda ranar ce ya fara shiga bariki.

Sai dai waɗannan makarantu suna zaɓe ne daga yaran da suka gama firamare, 'yan shekara 12 ko kusa da haka. A wannan shekarun, jarrabawa ba ƙwazon yaro kaɗai take aunawa ba. Tana auna irin firamaren da ubansa ya iya biya, da ko akwai wani a gidan da ya san lokacin da ake sayar da fom. Ɗan Unguwar Rogo ko Gangare da ya yi firamaren gwamnati, aji cike maƙil, ko ɗan wani ƙauye a Wase ko Kanam, sau da yawa bai ma ji labarin fom ɗin ba sai da lokaci ya wuce. Idan basirarsa ta buɗe yana ɗan shekara 16, kamar yadda take buɗe wa yara da yawa, babu wata gada da aka gina masa. Indiya ta kafa makarantun soja na yara da ake kira Sainik a 1961 musamman don gyara rashin daidaito tsakanin yankuna da tsakanin masu hali da talakawa a cikin hafsoshinta, kuma ba baƙuwarmu ba ce a wannan fage, tunda kwamandan NDA na farko, Birgediya Varma, Ba'indiye ne. Amma ko nasu ɗin tun yarinta yake ɗauka. Giɓin da nake magana a kai na ɗan shekara 17 zuwa 19 ne.

Abin da nake ganin ya dace shi ne ajin share fage na shekara guda a ƙarƙashin NDA, ko a Kaduna ko a ɗaya daga makarantun soja da ake da su, kuma Jos na da gine-gine da malamai da yanayin da ya dace da horo. 'Yan rizab da ba a kira ba su ne farkon shiga, bisa matsayinsu. A koya musu darussan da za su tarar a shekarar farko, a ci gaba da horar da jikinsu, a daskare musu ƙa'idar shekaru ta yadda wanda ya shiga ajin cikin ƙa'ida ba za a ce ya tsufa badi ba. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Jami'ar Jos ta daɗe da shirin share fage, kuma jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita ta shigar da ɗimbin 'yan Arewa aji biyu na jami'a kai tsaye. A ɗora manhajar ajin a kan IJMB, ta yadda wanda a ƙarshe bai samu shiga NDA ba zai fita da takardar da za ta kai shi jami'a. Daga can, idan har yanzu kakin na ransa, ƙofar gajeren kwas na masu digiri tana nan.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan shawara ita ce ajin zai zama ƙofar baya ta 'ya'yan manya. Ban raina wannan tsoro ba. A Amurkan ma an daɗe ana ƙorafin cewa ana cusa 'yan wasan ƙwallo a makarantun share fagen don ƙarfafa ƙungiyoyin kwalejojin. Mu nan ba 'yan ƙwallo za a cusa ba, mun san waɗanda za a cusa. Shi ya sa shawara ta biyu ba ta tsayuwa sai da ta farko. Idan ba a wallafa maki da matsayi ba, gara kada a buɗe ajin sam, don zai ƙara wa masu ƙafa wata hanya ce kawai. Batun kuɗi kuwa bai dame ni sosai ba. An riga an kashe kuɗin gwamnati wajen tantance yaran nan, kuma duk wanda ya dawo badi sai an sake kashe wani a kansa daga farko.

Akwai wani ƙulli da ya shafe mu a Jos musamman. Neman NDA na buƙatar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma kowa ya san tsawon takaddamar da ake yi a kan wannan takarda a Jos ta Arewa. Yaron da aka haifa a Dilimi, aka haifi ubansa a Dilimi, sau da yawa sai ya nufi Kano ko Bauchi ko Katsina neman takardar garin kakansa, ya shiga layin jihar da bai taɓa zama a cikinta ba. Ajin share fage ba zai warware wannan ba, kuma ba aikin soja ba ne warware shi. Amma idan aka ware wani ɗan kaso na guraben ajin a raba bisa maki zalla a faɗin ƙasa, bayan kowace jiha ta karɓi rabonta, irin wannan yaro zai samu layin da ba a tambayar inda aka binne kakansa.

Kaso na ƙarshe kuma a bar wa ƙananan sojoji. Akwai samarin da suka nemi NDA ba su samu ba, suka tafi Depot na Zariya suka shiga a kurtu, yanzu suna Borno ko Zamfara ko nan Barikin Rukuba. Wasunsu ba su wuce shekara 20 ba, suna da kiredit ɗinsu, kuma kwamandojinsu sun ga yadda suke a inda ake harbi, abin da babu kwamitin zaɓen da zai iya gwadawa cikin 'yan kwanaki. Abin da ya rage musu shi ne wanda zai zaunar da su a aji ya dawo musu da Lissafin da suka bari. Wannan ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki. Ma'aikatar Tsaro a Abuja da majalisar gudanarwar kwalejin za su iya tsara shi, kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya kuma su sa masa layi a kasafin kuɗi, su riƙa neman a kawo musu jerin maki duk shekara.